Ƙanƙara ko Zaftarewa? Shaidar Zirkon a Kan Duwatsun Ghaub

A 2004 Nick Eyles da Nicole Januszczak suka fito da ra'ayin da wasu ke jingina da shi har yau: wai cakuɗaɗɗun duwatsun da ake dangantawa da daskarewar duniya, shekara miliyan 720 zuwa 635 da suka wuce, galibinsu laka ce da tsakuwa da suka zaftare cikin kwarurrukan da suka buɗe lokacin tsagewar babbar nahiyar Rodiniya. Ƙanƙara, in ma akwai ta, ba ta wuce kan tsaunukan bakin tsagar ba. Ra'ayin da suke suka, wato cewa ƙanƙara ce ta lulluɓe duniya ta ajiye waɗannan duwatsu, sananne ne (Kirschvink, 1992, Hoffman da abokan aikinsa, 1998).

Rabin maganarsu tana kan hanya, kuma Schermerhorn ya riga su faɗa tun 1974. Ganin manyan duwatsu warwatse cikin laka bai isa a ce ƙanƙara ce ta ajiye su ba, domin zaftarewar gangaren teku ma haka take bari. Inda nake ganin sun kauce shi ne batun lokaci. Nahiya ba ta tsagewa a rana ɗaya. Tsagar takan ci gaba sannu a hankali, daga wannan yanki zuwa wancan. In ita ce uwar waɗannan duwatsu, dole shekarunsu su saɓa da miliyoyi masu yawa tsakanin wuri da wuri. Su da kansu haka suka yi hasashe.

Ƙwayoyin zirkon da ke cikin tokar aman wuta, waɗanda ake auna shekarunsu ta rikiɗar yuraniyom zuwa darma, sun nuna akasin haka. A Namibiya tokar da ke cikin jerin Ghaub ta ba da shekara miliyan 635.5 (Hoffmann da abokan aikinsa, 2004). A kudancin Sin, cikin dolomait ɗin Doushantuo da ya rufe irin waɗannan duwatsu, an sami 635.2 (Condon da abokan aikinsa, 2005). A tsibirin King na Tasmaniya kuwa, 636.4 (Calver da abokan aikinsa, 2013). Kwari uku da ba su haɗa tarihin tsagewa ba, sun daina tara irin wannan dutse kusan lokaci guda, kowanne kuma dolomait ya biyo bayansa. Da wuya, a ganina, motsin ƙasa ya iya wannan daidaito. Sauyin yanayin da ya game duniya shi zai iya.

Eyles da Januszczak sun dawo a 2007, suka nufi Namibiya kai tsaye: Ghaub a gangaren teku ya taru, alamun zaftarewa kuma a fili suke. Ba a musun wannan. Sai dai tambayar ita ce, wa ya kawo kayan bakin gangaren kafin su zaftare? Domack da Hoffman (2011) sun bi jerin a Fransfontein, suka fassara shi da tarin da ke samuwa inda ƙanƙarar tudu ke rabuwa da ƙasa ta fara yawo a kan ruwa. Ga kuma duwatsun da ke zaune su kaɗai cikin lallausan shimfiɗu, sun lotsa na ƙarƙashinsu, na sama sun lulluɓe su. Zaftarewa takan yamutsa shimfiɗa gaba ɗaya. Dutsen da ya huda ta a wuri guda daga sama ya faɗo, kuma ƙanƙara mai yawo ce mafi kusa da iya ɗauko shi.

A nan ya kamata in taƙaita da'awata. Shekarun nan sun tabbatar da cewa ƙarshen zamanin ƙanƙarar da ya ajiye Ghaub ya zo a tare. Ba su tabbatar da cewa teku ya daskare har layin tsakiyar duniya ba. Wannan hujja ce dabam, wadda ta dogara da maganaɗisun duwatsu irin na Elatina a kudancin Ostireliya. Farkon zamanin na Ghaub ma bai tsaya da kyau ba tukuna: yana tsakanin kimanin miliyan 650 da 639, adadi na biyun daga wata toka a cikin Ghaub ɗin kansa (Prave da abokan aikinsa, 2016). Sai an samo toka dab da gindin jerin, a nahiya fiye da ɗaya, kafin a ce farkon ma tare ya zo.