Matilda ta Ringelheim

Matilda ta Ringelheim sarauniya ce a ƙasar Jamus ta ƙarni na 10, matar Sarki Henry na Ɗaya kuma mahaifiyar Otto Mai Girma. An haife ta a yankin Saksoni a ƙarshen ƙarni na 9. Sunan mahaifinta Dietrich, basarake daga tsatson Widukind, jagoran da ya daɗe yana gwabzawa da Charlemagne. Ta tashi a hannun kakarta, wadda ke shugabantar gidan mata masu zuhudu na Herford.

A shekarar 909 aka ɗaura aurenta da Henry. Ya gaji mulkin Saksoni a 912, sannan manyan ƙasa suka naɗa shi sarki a 919. Allah ya ba su 'ya'ya biyar. Otto ya gaji mahaifinsa, har Paparoma ya ɗora masa kambun daula a Roma a 962. Henry ƙarami ya mulki Bavariya, Bruno kuma ya zama babban bishop na Cologne. Gerberga ta auri Louis na Huɗu, sarkin Faransa. Hedwig kuwa ita ta haifi Hugh Capet, wanda ya hau gadon Faransa a 987.

Ƙarfin Matilda daga mallakar ƙasa ya samo asali. A 929 mijinta ya mallaka mata garuruwa, ciki har da Quedlinburg da Pöhlde da Nordhausen, don ta dogara da su idan ya riga ta. Da ya rasu a 936, sai ta kafa gidan zuhudu a Quedlinburg, inda aka binne shi, domin a riƙa yi masa addu'a, a kuma tarbiyyantar da 'ya'ya matan sarakuna. Marubutan tarihinta sun ce yawan sadakarta ya haɗa ta da 'ya'yanta maza, waɗanda suka zarge ta da ƙarar da dukiyar masarauta. Ta ƙaura zuwa Enger, sai surukarta Edith, matar Otto, ta shiga tsakani aka sasanta.

Kusan shekara talatin ta yi tana riƙe da gidan Quedlinburg, kafin jikarta, wadda ta ci sunanta, ta karɓi shugabancinsa a 966. Matilda ta rasu ranar 14 ga Maris, 968, aka binne ta kusa da mijinta. Cocin Katolika na lissafa ta cikin waliyyai.