Baiko da Aikin Ubangiji a Ƙasar Nijar

'Yan'uwa, bari mu tuna da mafari. A 1924 ma'aikatan mishan na SIM suka sauka Damagaram, a 1950 kuwa aka buɗe asibitin Galmi. Yawancin kuɗin aikin daga hayin teku ya zo, daga masu bi waɗanda ba su taɓa ganin fuskarmu ba. Mu kuwa muka saba da karɓa.

Bayan 1960, da ragamar ekklesiya ta fara komowa hannunmu, dattawanmu suka ga iyalin mai bishara ba su kwana da yunwa. Roƙon baiko ya yi musu nauyi, gama da kunya, amma suka daure suka roƙa. Wanda ba shi da tamma ya kawo damin gero da kaka, mata suka kawo gyaɗa. Da haka aka ciyar da mai bishara, aka rufe ɗakin sujada kafin damina.