Alex Trebek: Malamin Kacici-kacici na Talabijin

A ƙasar Arewa, daga Kiyeshe zuwa Dogon Dutsi da Tibiri, yaro kan san kacici-kacici tun kafin ya taka ƙofar lakwal. Idan aka jefa masa tambaya a dandali ya rasa amsa, sai ya ba da gari kafin a warware masa. Irin wannan wasa ne Alex Trebek ya mayar sana'a a Amurka, ya riƙe ta har ƙarshen ransa.

An haife shi ranar 22 ga Yuli, 1940, a Sudbury ta ƙasar Kanada. Mahaifinsa kuku ne da ya yi ƙaura daga Yukiren, mahaifiyarsa kuwa Faransanci ne harshenta, don haka ya tashi da harsuna biyu a bakinsa. Ya karanta falsafa a Jami'ar Otawa, ya kama aiki a gidan rediyo da talabijin na ƙasarsu a 1961. Daga 1966 ya jagoranci gasar tambayoyi ta ɗaliban sakandare, sannan ya koma Amurka a 1973. Bai karɓi takardar zama ɗan ƙasar ba sai a 1998.

Shirin da ya ɗaukaka shi, wato Jeopardy!, yana da tushe mai ban darasi. A shekarun 1950 asiri ya tonu cewa wasu shirye-shiryen gasa suna ba ƴan takara amsa a ɓoye. Amanar masu kallo ta zube, har majalisar dokoki ta haramta maguɗin a 1960. Da Merv Griffin ya ƙago shirin a 1964, sai ya juya lamarin: a faɗi amsar a bainar jama'a, ɗan takara ya nemo tambayar da ta dace da ita. Trebek ya karɓi ragamarsa a 1984, ya gabatar da shi fiye da sau 8,000 cikin shekara 36.

Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne natsuwa. Yakan bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya kafin ya shiga fage, ya tantance lafazin baƙin sunaye, ya gyara wa mai kuskure ba tare da ya muzanta shi ba. A gabansa Ken Jennings ya ci wasa 74 a jere a 2004, a gabansa kuma kwamfutar Watson ta kayar da gwanaye biyu a 2011. Ya kuma shafe shekara 25 yana jagorantar gasar labarin ƙasa ta ƴan makaranta.

A watan Maris na 2019 ya shaida wa masu kallo da bakinsa cewa ciwon daji ya kama shi. Bai ajiye aiki ba sai saura kwana 10 ya cika, ranar 8 ga Nuwamba, 2020. Daga baya Jennings ya gaje shi.

Gadon da ya bari bai buƙatar fitilun talabijin. Malamin da ke ƙarƙashin rumfar kara a Kiyeshe, da ƙungiyar al'adu mai shirya gasa a daren hutu, duk suna riƙe da amana iri ɗaya: a shirya tambaya da kyau, a yi hukunci da gaskiya, kada yaron da ya kasa ya koma gida da kunya.