Tafiyar rairayi a ƙasar Gure

Lokacin da Heinrich Barth ya ratsa Gure, babban birnin Muniyo, a 1852, albarkar ƙasar tana cikin kwaruruka ne, inda ruwa ke kusa, ga dabino, ga kanwa. Farin 1973 da na 1984 suka kashe ciyawar da ke riƙe tuddai, iskar hunturu ta dinga kwararo rairayi cikin kwari, tana binne rijiyoyi da gonaki. Yau masana kan gwada hotunan jirgin sama na shekarun 1950 da na tauraron ɗan Adam, su ƙiyasta saurin tafiyar tudu, su gane kwarin da zai riga cikewa, can a fara kafa shingen kaba. Wannan ilimi ya cancanci shiga azuzuwanmu, daga Gamu har Gidigir.