Jinin Sarauniya Biktoriya: Abin da Taswirar Zuriya Ta Tona

A watan Maris na 1884, Yarima Leopold, na takwas cikin 'ya'ya tara na Sarauniya Biktoriya ta Ingila, ya zame ya faɗi a garin Cannes na Faransa. Washegari ya cika, yana da shekara 30. Tun yarinta yake fama da himofiliya, cutar da ke hana jini daskarewa, har ƙaramin rauni ya kan zama ajali.

Likitocin zamanin ba su san ƙwayar gadon da ke haddasa ta ba, amma sun san hanyar da take bi. Tun 1803 wani likitan Amurka, John Conrad Otto, ya bibiyi salsalar wani gida, ya lura cewa maza take kamawa, kuma ta wajen iyaye mata masu ƙoshin lafiya take iso musu. Irin wannan bibiya ake zanawa a taswirar zuriya: murabba'i ga namiji, da'ira ga mace, a cike alamar mai cutar da baƙi.

Gidan Biktoriya ya gaskata ƙa'idar. Ɗan Leopold ya tsira, amma 'yarsa ta miƙa cutar ga ɗanta. Dalili kuwa, ƙwayar tana kan kuromosom X. Namiji X ɗaya gare shi, daga uwa ya samo, kuma 'ya'yansa mata kaɗai yake bai wa. Mace tana da biyu, lafiyayyen ya kan rufa wa ɗayan asiri.

Ta hanyar 'ya'yan sarauniyar mata biyu, Alice da Beatrice, auratayya ta kai cutar fadojin Jamus, Sifen da Rasha. Jikan Alice, Alexei, magajin sarautar Rasha da aka haifa a 1904, ya gaje ta. Neman sauƙi gare shi ne ya buɗe wa Rasputin ƙofar fada, kusancin da ya zubar da mutuncin masarautar kafin juyin juya halin 1917.

Sai a 2009 masu bincike ƙarƙashin Evgeny Rogaev suka gwada ƙasusuwan iyalan sarkin, waɗanda aka kashe a 1918, suka gano cewa himofiliya nau'in B ce, kuma matsalar tana ƙwayar F9 a kan kuromosom X. Gwajin ya ba cutar cikakken suna, ya kuma tabbatar da hanyar da taswirar zuriya ta riga ta nuna.