Tsuntsun Teku Mai Ƙirji Ruwan Hoda: Yaɗuwarsa a Duniya da Halin da Yake Ciki

Daga cikin tsuntsayen tekun da ke sauka a gaɓar Afirka ta Yamma kowace shekara akwai wani siriri, fari, mai baƙin kai da doguwar wutsiya mai reshe biyu irin ta tsattsewa. Turawa na kiran sa roseate tern, saboda launin ruwan hoda da ke bayyana a ƙirjinsa lokacin kiwo. Sunansa na kimiyya Sterna dougallii. Masanin tsuntsaye George Montagu ne ya raɗa masa shi a 1813, don girmama Dakta Peter McDougall, likitan da ya harbo samfurinsa a Scotland a 1812. Nauyinsa bai wuce giram 100 da ɗoriya ba, abincinsa kuwa ƙananan kifaye ne da yake faɗowa daga sama ya cafke.

Tsuntsun na yin sheƙa a kowace nahiya in ban da Antatika: gabashin Amurka da Kanada, tsibiran Karibiyan, Azores, Ireland da Birtaniya da Faransa, Afirka ta Kudu da gaɓar Kenya, Seychelles, kudancin Japan, har zuwa Ostireliya. Wannan faɗin ƙasa, haɗe da yawansa a tekunan wurare masu zafi, shi ya sa Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sanya shi a rukunin halittun da ba a fargabar ƙarewarsu.

Sai dai hukuncin na duniya ne baki ɗaya, kuma yana iya ruɗar mai karatu. A arewacin Tekun Atlantika, tsuntsun ya sha kai wa bakin gaɓa. A ƙarni na 19 an yi ta kashe shi don a ƙawata hulunan mata da gashinsa. Ya farfaɗo bayan an kafa dokokin kariya, sannan ya sake durƙushewa. Ƙidayar da aka yi a Birtaniya da Ireland a 1969 zuwa 1970 ta samu ma'aurata fiye da 2,000. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 ba su kai 600 ba. A 1987 Amurka ta ayyana na arewa maso gabashinta a matsayin masu fuskantar barazanar ƙarewa.

Binciken musabbabin ya kai masana har Ghana. Zobban ƙarfen da ake sanya wa 'ya'yan tsuntsun a ƙafa a Turai sun riƙa ɓullowa a gaɓar Mashigin Tekun Gini, musamman ta Ghana, inda ruwan sanyi ke tasowa daga ƙasan teku ya jawo tarin ƙananan kifaye. Can tsuntsayen Turai ke cin hunturu, ƙananansu ma sukan zauna shekara biyu ko fiye kafin su koma arewa. A rairayin bakin tekun, yara kan ɗana musu tarkon zare ko ƙugiya da ɗan kifi, wani lokaci don nama, sau da yawa don wasa kawai. Tsuntsun da ƙwansa ɗaya ne ko biyu a shekara ba ya saurin mayar da irin wannan asara. Amma ɗora laifin duka a kan yaran bai dace ba, domin a Turai ma ɓeraye da manyan tsuntsayen teku da kutsen mutane sun riga sun kore shi daga tsibirai da dama.

An ɓullo wa lamarin ta fuska biyu. A 1985 gwamnatin Ghana da ƙungiyar RSPB ta Birtaniya suka fara wani shirin ceto tsuntsayen gaɓar teku, wanda masaniyar dabbobi Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta jagoranta, aka kafa ƙungiyoyin yara masu kula da namun daji a makarantu. A 1992 aka sanya dausayoyi biyar na gaɓar ƙasar, ciki har da Keta da Songor, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A Ireland kuma, tun 1989 masu gadi ke kwana a ɗan tsibirin Rockabill, arewa da Dublin, duk lokacin kiwo, suna ajiye akwatunan katako da tsuntsun ke yin ƙwai a ciki, tunda ya fi son inuwa da maɓoya. Daga ma'aurata ƙasa da 200 a lokacin, yanzu sun haura 1,500.

Nasarar ta zo da nata haɗarin. Mafi yawan tsuntsayen arewa maso yammacin Turai sun dunƙule a wannan dutse guda, kamar yadda na Amurka suka taru a tsibirai uku a jihohin New York da Massachusetts. Malalar mai ko annoba ɗaya ta isa ta rusa aikin shekaru talatin. An ga alamar haka a 2022, lokacin da murar tsuntsaye ta afka wa tsibirin Coquet, matattararsa tilo ta dindindin a Birtaniya mai ma'aurata kusan 150, ta kashe da yawa daga cikinsu.

Tsuntsun na cikin jinsunan da yarjejeniyar AEWA ta 1995 ke karewa, wadda ta shafi tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da yammacin Asiya. Nijeriya da Ghana duk mambobinta ne.