Tarihin Dafa Kaza a Zangunan Akra

Dafa kaza cikin minti 40 a ranar da ba ta biki ba sabon abu ne a Nima da Maamobi da Kawukudi. Lokacin da Malam Amadu Futa, Bafillace mai fataucin shanu, ya samu fili daga iyalin Odoi Kwao na Osu ya kafa Nima a 1931, naman da mutanen zango suka saba da shi na shanu ne da tumaki, domin fawa sana'arsu ce. Kaza kuwa dukiyar mata ce, tana kiwo a tsakar gida, tana kwana a akurki, kuma ba a taɓa ta sai da dalili: baƙo ya sauka, ko Sallah ta zo, ko mai jego na bukatar romo, ko malami ya ce a yi sadaka.

Yanka irin wannan kaza aikin wuni ne. Maigida ko wani babban namiji ya fuskanci alƙibla ya yi bisimilla ya yanka, a tsoma ta a ruwan zafi, yara su fige, a babbaka ta a kan kurfoti, sannan a feɗe. Namanta na da tauri, don haka takan daɗe a kan gawayi kafin ta shiga miyar gyaɗa ta tuwon shinkafa ko ta zama farfesu. Rabonta ma yana da ƙa'ida: ƙundu da cinya na maigida ne, kai da ƙafafu na yara. Zabbin da ake kawowa daga Tamale da Bolgatanga su ma haka ake yi musu.

Bayan samun 'yancin Gana a 1957, gwamnati ta ƙarfafa kiwon kajin turawa, aka buɗe manyan gonaki irin Darko Farms ta Kumasi a 1967, daga baya Dormaa Ahenkro ta zama cibiyar ƙwai. Wannan ya kawo wa kasuwar Nima, wadda ke ci ranar Laraba, kajin da suka gama ƙwai. Suna da araha, amma su ma sai an yi haƙuri da su a wuta. Har farkon shekarun 1990 manoman ƙasar ne ke samar da mafi yawan kajin da ake ci.

Babban sauyin ya shigo ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Shirin farfaɗo da tattalin arziki da gwamnatin Rawlings ta fara a 1983 ya sassauta shigo da kaya, sai daskararrun kaji suka fara kwararowa daga Turai da Amurka da Barazil. Masu saye a Turai da Amurka sun fi son ƙirji, don haka cinya da fiffike da baya da ƙundu suka zo Afirka ta Yamma a farashin da manomin gida, mai sayen masara da tsada, ba zai iya karawa da shi ba. Cikin shekara goma daga farkon shekarun 1990 kason manoman Gana ya faɗo zuwa kusan ɗaya bisa goma. A 2003 majalisa ta ɗaga kuɗin fiton kaji daga kashi 20 zuwa 40, amma aka dakatar da aiki da shi bayan matsin lambar Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Manoma sun kai ƙara kotu, sai aka soke dokar a 2005. Wannan rashin adalci ne ga masu kiwo, kuma har yau ba su gama farfaɗowa ba.

A ɗakin girki kuwa, daskararriyar kaza ta zo wa mata da sauƙi na gaske. A gidan haya inda iyali ke da ɗaki ɗaya, ana girki a bakin ƙofa, mace kuma na da tallarta ko shagonta, babu lokacin figa. Yanzu takan aiki yaro shagon firiza ya auno rabin kilo na cinya, an riga an sare ta gunduwa-gunduwa. Tukunyar gas, wadda gwamnati ta fara yaɗawa tun wajen 1990, ta ƙara rage lokacin.

Hanyar dafawar kusan ɗaya ce a yawancin gidaje. Ana wanke naman da lemun tsami don kashe ƙarnin firiza, a markaɗa citta da tafarnuwa da albasa da attarugu, a shafe shi da su, a sa gishiri da dunƙule, a rufe tukunya ba tare da an zuba ruwa ba har ya fitar da nasa. Bayan minti 15 zuwa 20 sai a tsame a soya. Romon ba a zubar da shi: da shi ake dafa jalof ko miyar tumatir da za a zuba a kan wake da shinkafa tare da yajin shito, ko a gefen tuwon zafi da miyar ayoyo. Wasu kan barbaɗa yajin tsire mai ƙuli-ƙuli su gasa. A nan ne gadon zango ya yi aiki, domin kazar da aka yi kiwonta cikin mako shida ba ta da ɗanɗanon kanta, kuma kanumfari da masoro da kimba na kasuwar Nima ne ke rufa mata asiri.

Matsala biyu sun biyo daskararriyar kaza. Ta farko ita ce yanka: Musulmi da yawa na duba kwali su ga tambarin halal, shi ya sa kajin Barazil, waɗanda ake yankawa don kasuwannin ƙasashen Larabawa, suka samu karɓuwa, wasu dattawa kuma ba sa cin kazar da ba su san wanda ya yanka ta ba. Ta biyu ita ce lantarki. A shekarun ɗauke wuta da ake kira dumso, daga 2012 zuwa 2016, nama kan narke ya sake daskarewa a shago, sai mata suka koyi duba launinsa da shinshina shi kafin su biya.

Kazar gida ba ta ɓace ba. Ana gab da Sallah ko bikin suna, masu kaji da zabbi kan cika bakin titin Nima da kejinansu, kuma akwai samarin da ke yankawa su fige nan take a kan ɗan kuɗi, mai saye ya tafi da ita a leda.